Sunan Surukina Ne a Ƙarƙashin Sunan Babana

Assalamu alaikum Admin da 'yan uwa na wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana, a nan yankin namu ba mu da yawa, ko kalar motata na faɗa an gane ni. Sunayen da zan ambata duk na canza su, garinmu na gida ma ba zan faɗa ba. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana goma sha ɗaya ke nan ina ɗauke da wata magana, na rasa wanda zan gaya wa, don duk wanda na duba a kusa da ni maganar ta shafe shi.

Ni mace ce, na haura hamsin, ina aiki a sashen ba da magani na wani asibiti a Largo, muna zaune a Bowie, duk a kewayen birnin Washington, ni da maigidana da mahaifina. Yaranmu uku duk sun girma sun bar gida. Baba ya kusa casa'in, shekara shida ke nan da muka ɗauko shi daga gida bayan rasuwar Innarmu, shekara uku kuma yana fama da ciwon mantuwa. Wata rana ya gane ni, wata rana ya ɗauke ni ƙanwarsa da ta rasu tun ban zo duniya ba. Ni ce 'yar autarsa, kuma ni ce kotu ta ba takardar wakilcinsa, duk abin da ya shafe shi ni ke sa hannu.

Mahaifina, wanda zan kira Malam Sani, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, amma abin da tsofaffin garinmu suka san shi da shi wani abu ne daban. Yana saurayi, daf da samun 'yancin kai da 'yan shekarun da suka biyo baya, ya yi aiki a wata ƙaramar jaridar Hausa ta mako-mako, ta daɗe da mutuwa. A shafinta na baya akwai zanen barkwanci gida huɗu, na wani masinjan ofis, gajere mai tumbi, amma sunansa Dogo. Dogo Masinja ba ya ƙin umarni, sai dai duk umarnin da aka ba shi sai ya bi shi har ya ɓata. Mutane kan sayi jaridar saboda shi, wanda bai iya karatu ba ya kai wa ɗan makaranta ya karanta masa, a yi ta dariya a bakin kasuwa. A ƙasan kowane zane an rubuta "Daga Sani". Da wannan sunan ne aka san Baba har aka zaɓe shi zuwa ƙarin karatu a Ingila, kuma daga nan rayuwar gidanmu ta miƙe. Mun taso ana nuna mu ana cewa ga 'ya'yan mai Dogo. Amma ban taɓa ganin Baba ya yi zane ba, ko zanen kyanwa aka ba mu a makaranta muka kawo masa sai ya ce ya tuba da zanen abu mai rai tun da ya je Hajji. Mu kuma muka yarda, me zai sa mu yi shakka.

Yanzu maigidana. Mahaifinsa aminin Baba ne, ku yi mini uzuri zan kira shi Ilu, ba sunansa ba ne shi ya sa bakina ya iya faɗa. Abin da aka gaya mana shi ne yana aikin jera haruffa a maɗaba'ar jaridar, talaka ne mai haƙuri, ya rasu maigidana yana da shekara biyu. Mahaifiyarsa ta yi wani auren a nesa, ita ma ta daɗe da rasuwa. Baba ne ya ɗauki nauyin karatunsa tun daga firamare har jami'a, a gidanmu yake hutu, da lokaci ya yi kuma muka daidaita Baba ya ba shi aurena da farin ciki. Maigidana ba shi da hoton mahaifinsa ko ɗaya, bai san muryarsa ba, bai san rubutunsa ba. Hula ɗaya ya gada, ita ma asu ya cinye ta. Duk abin da ɗa ke yi wa uba, Babana yake yi wa. Wallahi yanzu haka shi ke yi masa wanka, shi ke yi masa aski, shi ke yanke masa farce. Yayana da ke Alexandria, ɗan cikinsa, sai ya yi sati uku bai leƙo ba, amma maigidana ko ya dawo aiki a gajiye sai ya zauna ya ba shi abinci a baki.

Bara da muka je gida raba kayan Inna na tarar da wata tsohuwar adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gadon Baba. Da na buɗe sai ga ainihin zanen Dogo, waɗanda aka yi da hannu kafin a buga, a kan farin kwali mai kauri, da tawada baƙa ƙirin kamar jiya aka yi. Sun haura ɗari biyu. Kowanne ya fi wanda ke fitowa a jarida girma sosai, kana ganin layin fensir a ƙarƙashin tawadar, da wuraren da aka shafa farin fenti aka gyara kuskure. Na kawo su nan na ajiye a besmen, ɗakin da ke ƙarƙashin gidanmu. Yaya da ya gani ya rikice don murna, ya ɗauki hotuna ya aika wa wani abokinsa malami a wata jami'a a Washington. Kafin wata biyu laburaren jami'ar suka ce suna so su karɓe su su adana, kuma za su yi baje kolinsu da sunan Baba. Yaya ya yi hira a gidan rediyo sashen Hausa, ya faɗi yadda mahaifinmu ya koya wa kansa zane ba malami. 'Yan uwa a gida suka yi ta tura hirar a waya, har waɗanda ba mu san su ba suna kira suna ba mu labarin Dogon da suka fi tunawa.

Ranar Litinin ta makon jiya ba ni da aiki, matar da ke kula da tsofaffin takardu a laburaren ta ce in kawo mata guda ashirin ta duba lafiyarsu. Na ajiye mota a Largo na shiga jirgin ƙasa da su a jaka. Baturiya ce, dattijuwa, mai magana a hankali. Ta shimfiɗa su a tebur tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, sai wata 'yar siririyar takarda ta faɗo daga kusurwar ɗaya. Ashe wannan "Daga Sani" ba a jikin kwalin aka rubuta shi ba, bugawa aka yi a 'yar takarda aka manna da gam, gam ɗin kuma ya bushe. A wurin da ta faɗo akwai sa hannu ƙarami da tawada, irin tawadar zanen. Ilu. Ta ɗaga na biyu a hankali da wani siririn ƙarfe, Ilu. Na uku, Ilu. Ta tambaye ni ko na san wannan sunan, na ce a'a. Allah ya yafe mini, bakina ne ya riga ni. Sai ta ce dama tun a hotuna ta lura hannu biyu ne, wanda ya rubuta maganganun daban, wanda ya yi zanen daban, kuma layukan inuwa sun karkata irin na bahago. Baba da dama yake rubutu. Maigidana bahago ne, tun yana yaro ake dukan hannunsa a gidanmu ya ƙi canzawa.

Ban san yadda na dawo gida ba. Da azahar na sauka besmen na fito da sauran duka na dinga juya bayansu, abin da ban taɓa yi ba. Rubutun Baba ne da fensir, na san shi ko a ina. "Ilu, ka ƙara wa akawun girman hanci." "Ilu, keken ya yi kyau da yawa, tsohon keke nake so." "Ilu, wannan ya kashe ni da dariya." Ke nan Baba ke ƙirƙiro labarin da maganganun, surukina ke zanawa. Su biyu suka haifi Dogo, amma ɗaya ya tafi Ingila, ɗaya ya mutu a matsayin mai jera haruffa.

Akwai guda biyu da suka hana ni sukuni. A bayan ɗaya daga cikin na farko-farko Baba ya rubuta, "Ka kwantar da hankalinka, Malam ba zai ga sunanka ba." Na san mahaifin surukina malamin allo ne mai tsanani, to wataƙila shi da kansa ya roƙa a rufe sunan don kada mahaifinsa ya ji yana zanen mutane. Da na karanta wannan har na yi ajiyar zuciya, na ce ashe rufin asiri Baba ya yi masa. Amma a can ƙasan adakar, a cikin na ƙarshe-ƙarshe, akwai wani rubutu da ba na Baba ba, karkatacce, ƙanana-ƙanana. "Malam Sani, yanzu ai Malam ya rasu. Yaushe za a sa sunana?" Babu amsa a ƙarƙashi. Na duba bayan duk waɗanda suka biyo baya, babu. Sunan Baba ne a manne har kan na ƙarshe.

Na kira Yaya na ce ya zo ofishina washegari, ban so a yi maganar a gida. Muka zauna a motarsa a wurin ajiye motoci na asibiti na nuna masa hotunan a waya. Na ɗauka zai ce mu gyara, sai ya hau ni da faɗa. Wai me ya kai ni juya bayan takardu, wai a duk duniya haka ake yi, mai labari shi ne mai aiki, mai zane ɗan taimako ne. Wai ya riga ya yi magana duniya ta ji, so nake a ce shi maƙaryaci ne, a ce ubanmu ɓarawo ne yana kwance bai iya kare kansa ba. Ya ce ai Baba ya biya, ya riƙe ɗan mutumin, ya ilimantar da shi, ya ba shi 'yarsa, me ya rage. Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, na tambaye shi ko yana nufin ni diyya ce. Ya ce ba haka yake nufi ba, amma bai janye ba. Ya ce in na kuskura na gaya wa mijina, duk abin da ya biyo baya ni na jawo, kuma in tuna bara aka sa wa mijin nawa ƙarfe a jijiyar zuciya, ba a kawo masa irin wannan labarin. Tun ranar sau ɗaya ya kira, don ya ji ko na sa hannu a takardar laburaren.

Na ce bari in gwada Baba, ko Allah zai sa in same shi a ranar da kansa ya washe. Ranar Asabar da hantsi bayan ya sha kunu na kawo masa guda ɗaya, wanda ofis suka saya wa Dogo sabon keke aka ce ya kula da shi sosai, sai ruwan sama ya sauka, shi kuma ya ɗora keken a ka ya ratsa taɓo da ƙafa, ya isa da wasiƙar bayan an tashi aiki. Na sa masa tabarau. Mutumin da ba ya tuna ko ya ci abinci, wallahi ya karanta maganganun tun kafin idonsa ya kai kansu, ya yi ta dariya har da tari. Ya ɗora yatsa a kan ƙafar Dogo da ta nutse a taɓo.

Ya ce, "Dubi ƙafar nan. Ilu ne kaɗai ke sa ƙafa ta ba mutum dariya."

Na ce, "Baba, shi ya zana?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko rana ta fito, ya ce, "To wa zai zana?"

Na ce to me ya sa ba a sa sunansa ba. Fuskarsa ta canza, ya fara laluben aljihu yana cewa ina hularsa, za a rufe ofis. Daidai nan maigidana ya shigo da kayan aski da tawul a kafaɗa, na yi sauri na kifa kwalin a cinyata. Tun da ciwon ya yi ƙarfi Baba kan kira shi da sunan mahaifinsa, duk mun ɗauka kama ce kawai. Ya kama hannunsa na hagu ya riƙe gam.

Ya ce, "Ilu, ka yi haƙuri. Na ce zan yi magana, ban yi ba."

Maigidana ya durƙusa yana murmushi ya ce, "Ba komai Baba, na haƙura. Kawo kan in gyara maka."

Ya juyo ya ce mini ai kusan kullum sai ya faɗi haka in zai yi masa aski, shi kuma sai ya amsa masa don hankalinsa ya kwanta. Wata nawa ke nan yana yafe abin da bai san mene ne ba. Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kukana.

Matar laburaren ta aiko mini da imel. Ta ce ita ba za ta shiga maganar iyali ba, amma tun da ta ga sa hannun ba za ta iya rubuta cewa mutum ɗaya ya yi aikin ba, ko dai mu gaya musu ko wane ne Ilu, ko su rubuta cewa wani mai zane ne da ba a san ko wane ne ba. Akwai kuma fom da zan cike a madadin Baba, in faɗi wanda ya yi aikin, in kuma tabbatar cewa babu wani mai haƙƙi a kan kayan sai mu. Ranar Juma'a mai zuwa suke so, don za a buga bayanan da za a liƙa a bango. To ni yaya zan sa hannu a kan cewa ba wani mai haƙƙi, alhali mai haƙƙin muna kwana ɗaki ɗaya? Kuma yaya zan tsaya a wurin taro, mijina yana karanta "wani mai zane da ba a sani ba" a bango, ga sunan mahaifinsa a kusurwar kowane kwali? Masu sunan suna da yawa, amma shi ba yaro ba ne, ya san inda mahaifinsa ya yi aiki. In ban gaya masa ba, bango zai gaya masa a gaban mutane. In kuma na ce a fasa baje kolin gaba ɗaya, dole in faɗi dalili, ga Yaya ya gayyato jama'a har daga gida.

Shi kuwa maigidana, bawan Allah, shiri yake ta yi. Ya sa an ɗinko wa Baba sabuwar babbar riga, ya nemo motar da keken guragu ke shiga. Yaya ya ba shi minti biyar ya yi magana a wurin buɗewa, yana ta rubutawa yana gogewa, jiya ya karanta mini. A ciki ya ce shi maraya ne da bai gaji komai ba, amma Allah ya ba shi uba mai baiwa, kuma yana alfahari 'ya'yansa sun fito daga jinin wanda ya zana Dogo. Ya tambaye ni ko ya yi. Na ce ya yi. Gaskiya ya faɗa, bai dai san ta wane ɓangaren ba.

Abin da nake tsoro ba wai zai sake ni ba ne ko ya wulaƙanta Baba, na san halinsa, ba zai yi ba. Tsorona shi ne ya yi shiru. Ya ci gaba da wankan da askin, amma ya dinga kallon duk alherin da aka yi masa tun yana yaro yana tambayar kansa ko ƙauna ce ko biyan laifi, har aurenmu na shekara ashirin da takwas ya shiga cikin lissafin. Kuma ba wanda zai amsa masa, duk waɗanda suka sani sun rasu, wanda ya rage kuma ba ya iya haɗa magana uku. Ni kaina ban sani ba. Ban sani ba ko Baba ya je wurin edita aka ƙi, ko bai je ba sam. Ban san me ya sa ya adana su shekaru sittin a ƙarƙashin gadonsa ba, bai ƙone su ba, bai kuma ba ɗan mai su ba, alhali yaron na cin abinci a gidansa. Wani lokaci in ji haushinsa, sai in shiga ɗakin in tarar da shi yana ƙoƙarin sa takalmi a hannu, sai haushin ya rasa inda zai zauna.

Ta wani gefen kuma, maigidana, in ban da hular nan, bai taɓa riƙe abin da hannun mahaifinsa ya taɓa ba, ga sama da ɗari biyu a ƙasan gidansa, yana wucewa ta gefensu duk lokacin da zai kai wanki. Akwai rubutun mahaifinsa, akwai wurin da yatsansa ya dangwali tawada ya bar shaida. Da wane haƙƙi zan ɓoye masa wannan, kuma in miƙa wa laburare a kan sunan wani?

Na yi istihara, na yi sadaka, har yanzu zuciyata ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Sau biyu ina buɗe baki a kan abinci in ce "Abban Nana", ya ɗago, sai in ce a ƙara masa miya ne.

Don Allah 'yan uwa ku gaya mini. In gaya masa kafin Juma'a, kuma ta yaya zan fara, in yi magana ne ko in miƙa masa kwalin kawai in bar shi ya juya bayansa? In nemo wani babba ya zauna da mu, ko shigo da na waje tonon asirin Baba ne? Wanda ya roƙi gafara da kalmar "ban yi ba", yana cikin wannan ciwon, ya fita haƙƙi ko da saura? Masu ilimin addini a cikinku ku taimaka mini, in na yi shiru don in rufa wa mahaifina asiri, na ci amanar mijina ko ban ci ba? Kuma don Allah kada a zagar mini uba a wurin sharhi, ba zan iya karantawa ba. Shi ne ya rufe sunan, shi ne kuma ya raini yaron, ni ban san yadda ake raba su ba.